Suna Linzami: Wuta da Sunayenta a Bakin Iyakar Magama

Ƙarshen watan Afrilu ne, zafin bazara ya kai maƙura, na raɓa a wata rumfar cajin waya a Magama, gefen titin da manyan motoci ke jeruwa kafin su tsallaka zuwa Ɗan Isa. An kafa faffaɗan katako a jikin bango, an jera masa soket reras, kowace waya da 'yar takarda manne a bayanta an rubuta lamba. Can bayan rumfar ƙaramin inji yana ta ƙugi yana furzar da hayaƙi. Sai ga wani dattijo, direba daga Maraɗi, ya miƙo wayarsa ya ce da mai rumfar, "Samari, da kuran kuwa?" Yaron ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Baba, NEPA dai ba ta nan, batirin sola kuma ya yi ƙasa. Ta inji ce." Dattijon ya ce, "Ko ta mece ce sa mini, wuta ai wuta ce."

Cikin numfashi biyu an ambaci abu guda da suna biyar: kuran, NEPA, sola, ta inji, wuta. Ga wayar dattijo duk ɗaya ne, da gaskiyarsa. Ga aljihun yaron kuwa kowane suna da kuɗinsa. Tun ranar nake bin waɗannan sunaye ɗaya bayan ɗaya, domin na lura yawancin asarar da maigida ke yi a harkar wuta tana ɓoye ne cikin kalmar da ya saba ji amma bai taɓa tsayawa ya kwance ta ba.

Da wannan baƙuwa ta iso ƙasar Hausa, Bahaushe bai wahalar da kansa neman sabon suna ba. Ya ga tana haske, tana zafi, tana kisa, sai ya kira ta wuta, ya kuma ɗora mata dukkan kalmomin murhu. Ana kunna ta, ana kashe ta. Dutsen guga yana cin wuta, firji yana shan wuta, wanda ya taɓa tsirarar waya kuma wuta ta ja shi. Gilashin fitilar kananzir ƙwai ake ce masa, da na zamani ya zo sai ya gaji sunan, ya zama ƙwan lantarki. Ita kanta fitila daga Larabci muka aro ta, inda take nufin lagwani, ga shi yau muna kiran abin da ba shi da lagwani da wannan suna. Turken da ke ɗauke da wayoyi kuma kunnen mutanenmu ya ji yadda ma'aikata ke faɗa da Turanci, bakinsu ya sarrafa shi ya koma falwaya.

Lantarki ma ta wannan hanya ta shigo, amma asalinta ya yi nisa. Girkawan dā suna da wani ƙaron itace da ya daskare ya zama kamar dutse, suna ce masa elektron. In aka goga shi a tufa sai ya riƙa jawo tsinke da gashin tsuntsu. A shekarar 1600 wani likita ɗan Ingila, William Gilbert, ya ɗauki sunan ƙaron ya laƙaba wa wannan ƙarfi na jawowa. Larabawa ma ƙaron nan suka duba: kahraba da suke faɗa ta fito ne daga Farisanci, ma'anarta mai fizgar tsinke. Makwabtanmu na Nijar kuwa Faransanci ya ba su kuran, wato abin da ke gudu kamar ruwan gulbi. Kalmar ce dai da mai gyaran wuta na Katsina ke nufi in ya ce karan ya yi ƙasa. Ashe tsakanin Magama da Ɗan Isa kalma ɗaya ce ta zagayo ta bakin masu mulki biyu, ta sake haɗuwa a rumfar mai caji.

Sai dai jimlolin da suka fi tsaya mini a rai su ne waɗanda muka fi furtawa: an kawo, an ɗauke. Babu gidan da ba a faɗarsu. Wa ya kawo? Wa ya ɗauke? Wannan 'yar kalma "an" ta rufe fuskar mai aikin ruf. Da ita muke cewa an yi ruwa, an yi rasuwa, abubuwan da ba a ƙalubalanta. Kawowa kuma ta fi kama da kyauta, kamar yadda ake kawo tuwon makwabta, wanda in bai zo ba ba ka da bakin tambaya. Har maganar ta shiga harshenmu na yau da kullum: mutum in ya yi shiru ya ƙame, ko ya daina zumunci ba dalili, sai a ce ya ɗauke wuta. Mun ari halin lantarki mun siffanta ɗan Adam da shi, domin mun san shi da tafiya ba sallama. Mai faɗar an kawo da an ɗauke bai ɗauki kansa mai saye ba, ko da kuwa kowane wata yana biya.

In aka matsa mana mu faɗi mai kawowar, sai mu ce NEPA. Alhali NEPA ta daɗe da barin duniya. An fara kunna lantarki a Legas tun 1896. Hukumar ECN ta kama aiki a 1951, aka kafa hukumar madatsun kogin Kwara a 1962, ita ta gina madatsar Kainji da aka kammala a 1968. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu, NEPA ta fito. Dokar gyaran harkar wuta ta 2005 ta rushe ta, PHCN ta karɓa na riƙon ƙwarya. Ranar 1 ga Nuwamba 2013 aka fara miƙa kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa, bayan an raba ƙasar gida 11. Katsina da Kano da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Yaron rumfar nan da wuya in an haife shi lokacin da NEPA ke raye, amma sunanta ne a bakinsa. Dalilin kuwa a fili yake: sunan da ke kan takarda ya sauya sau biyu, zaman da ke tsakanin maigida da mai wuta bai sauya ba. Falwaya ɗaya ce a ƙofar gida, waya ɗaya, ofishi ɗaya.

A nan ne ya kamata a rarrabe kalmomi biyu da 'yan jarida ke yawan gwamutsawa. Ta farko cefanarwa. Cefane dai kayan miya ne, cefanar da abu kuma shi ne a kai shi kasuwa a rabu da shi. Abin da aka yi a 2013 ke nan: mai shago ya sauya. Ta biyu sakar wa kasuwa mara, wato a buɗe ƙofa masu sayarwa su yi yawa, su yi rige-rigen mai saye. Wannan har yau ba ta iso gidan talaka a Najeriya ba.

Mai son ganin yadda take sai ya leƙa Houston, a jihar Texas ta Amurka, birnin da ke kusa da gaɓar teku, inda iska ke cike da laima. Mu nan zafinmu busasshe ne, shi ya sa randa ke sanyaya ruwa, kuma in ka jiƙa zani ka rataya a taga ɗaki ya yi daɗi. Can kuwa gumi ba ya bushewa a jiki, fanka sai dai ta juya iska mai ɗumi, don haka na'urar sanyaya ɗaki ita ce ke cinye kaso mai tsoka na wutar gida a watannin zafi. Tun Janairun 2002 aka sakar wa kasuwar wutarsu mara. Wayoyi da turaku na kamfani ɗaya ne, CenterPoint Energy, amma masu sayar da wutar da ke bin wayoyin suna da yawa, maigida kuma shi ke zaɓa. Akwai tsarin farashi tsayayye, a ƙulla yarjejeniyar shekara ɗaya ko biyu. Akwai mai hawa da sauka wata-wata. Akwai wanda ake tallatawa da sunan wutar dare kyauta, sai a tsawwala kuɗin ta rana, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Saboda sunayen suna ruɗar mutane, hukuma ta wajabta wa kowane kamfani ya fitar da takardar bayani da ke nuna nawa yunit zai kama ga gidan da ke shan 500, da mai shan 1,000, da mai shan 2,000 a wata.

Duk da haka sun ɗanɗana kuɗarsu. A Fabrairun 2021 wani mugun sanyi ya daskarar da tashoshinsu, farashin sari ya kai dala 9 kowane yunit. Masu hulɗa da wani kamfani mai suna Griddy, waɗanda suka zaɓi tsarin bin farashin sari domin ya fi araha a ranakun lafiya, suka wayi gari da bashin dubban daloli na 'yan kwanaki. Kamfanin ya karye, majalisar jihar ta haramta sayar wa gidaje irin wannan tsari. Darasin da na ɗauko shi ne zaɓi kaɗai ba ya tsare mutum, sai ya san ma'anar sunan abin da ya zaɓa.

Mu a nan kalmar da ta yi kama da zaɓi ita ce Band. Tun 2020 hukumar kula da harkar wuta ta ƙasa, NERC, ta kasa masu shan wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da ya kamata su samu a rana: Band A aƙalla awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Ranar 3 ga Afrilu 2024 aka janye tallafi daga Band A, yunit ya tashi daga ƙasa da naira 70 ya koma naira 225, kafin a ɗan rage daga baya. Mutane da dama sun zaci rukunin nan kamar kujerar mota ne, ka biya ta gaba ko ta baya. Ba haka abin yake ba. Harafin yana rataye ne a wuyan babbar wayar da ke ciyar da unguwa, wadda ma'aikata ke kira fida. Duk gidan da ke kanta, na attajiri da na mai ga-ruwa, harafinsu ɗaya. Amma harafin alkawari ne mai ƙidaya, kuma umarnin hukumar ya ce fidar Band A da ta kasa cika awanninta kwana bakwai a jere a sauko da ita rukunin da ya dace da ita. Ke nan maigidan da ke rubuta lokacin da wuta ta zo da lokacin da ta tafi a bangon littafin ɗansa, yana riƙe da hujja. Wanda ya tsaya kan an kawo da an ɗauke ba shi da komai a hannu.

Akwai wata kalma da mutumin Magama ya sani ta fuska biyu, ita ce tarif. A ofishin kwastan tana nufin jadawalin kuɗin fito, a takardar wuta kuma kuɗin yunit. Turawa sun same ta ne daga 'yan kasuwar Italiya, su kuma daga Larabci. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya san ta: ta'arifi, wato sanar da mutum abu har ya gane shi. Asalin tarif ke nan, a faɗa maka kuɗin tun kafin ka saya. Farashin da mai biya bai sani ba bai cancanci wannan suna ba. Haka kwastan da kwastoma, uwarsu ɗaya, kalmar da ke nufin sabo da al'ada. A kasuwar Jibiya kwastoma ta kowa ce: mai saye kwastoman mai sayarwa ne, shi ma yana cewa bari in je wurin kwastomana. Da kyakkyawar Hausa abokin ciniki ake cewa, abota kuwa sai da ganin girman juna.

Wannan ya kawo mu ga ma'auni. Mita kalmar Girkawa ce mai nufin awo. A Nijar kontar suke cewa, wato mai ƙidaya, takardar biya kuma faktir, mu muna cewa bil. Abin da mita ke aunawa shi ne yunit, kuma yunit ba wani sirri ba ne: wat dubu ɗaya na tsawon awa ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 in ya yi awa guda a kunne ya cinye yunit ɗaya. Ƙwan zamani mai wat 10 sai ya yi awa 100 kafin ya ci haka, tsohon ƙwai mai wat 100 kuwa awa 10 ta ishe shi. Fankar sama mai wat 70 in ta kwana tana juyawa awa 10 ba ta cika yunit ɗaya ba. Lambobin nan suna rubuce a jikin kowane kaya, ko a kwalinsa. Yunit shi ne tiyar wuta.

Na ce tiya ne da gangan. Ka je kasuwar hatsi ka ga yadda magidanci ke sayen gero. Sai ya ɗauki tiyar ya juya ta, ya duba gindinta ko an bubbuga shi ya shige ciki, ya tsaya a kan mai awo har sai ta yi tozo. Mai canji a bakin iyaka ba ya karɓar jakar sefa sai ya san nawa ta kwana a naira. Mutanen nan ba a cutarsu a awo. Amma da an zo ga wuta, da yawa daga cikinsu sai su karɓi bil ɗin ƙiyasi, wanda aka rubuta ba tare da mita ba, su biya ko su yi ta jayayya a ƙofar gida da mai tsani. Ƙiyasi a wurin malamai auna abu ne da makamancinsa bisa dalili. In babu dalilin, sunansa kintace, cinikin biri a sama. Hukumar ma ta san da haka, shi ya sa a Fabrairun 2020 ta ƙayyade iyakar yunit ɗin da za a iya rubuta wa gidan da ba shi da mita, gwargwadon abin da masu mita na yankinsa ke sha. Ta kuma ware mafi ƙarancin farashi ga ƙananan gidajen da shansu bai wuce yunit 50 a wata ba.

Mitar kati ita ta fi kusa da cinikin da muka gada. Ana ce mata ta kati ko da yake yanzu lambobi 20 ne ake turo wa mutum ya danna. Ka biya, a auna maka, ka ga abin da ya rage da idonka. Ranar da ba wuta, kuɗinka na nan kwance. Na ga yadda take sauya gida: uwargida ta fara lura da wane kaya ne ke sa lambar gudu, a daina barin hita cikin bokiti, a sauya ƙwayayen tsakar gida. Wanda yake ganin awo shi ke iya tattali.

Akwai lokacin da "an" ta yaye mayafi kowa ya ga mai ɗaukewa. Kafin 2023, kamfanin wutar Nijar, NIGELEC, ya daɗe yana sayen mafi yawan wutarsa daga Najeriya. Babbar waya ɗaya ta tashi daga Birnin Kebbi zuwa Yamai, wata kuma daga Katsina zuwa Gazawa, ta rabu ta nufi Maraɗi da Damagaram. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta cikin takunkumin ECOWAS, aka kuma rufe iyaka, har zuwa Maris 2024 da Najeriya ta janye takunkumin. Motoci suka yi cirko-cirko a Magama, 'yan'uwanmu na ƙetare suka koma kan gurup, sunan da suke kiran janareto. Watannin nan sun nuna wa kowa cewa wuta ba ruwan sama ba ce. Akwai hannun da ke kunnawa, akwai takardar da aka sa wa hannu, akwai wanda za a iya tambaya.

Dokar wuta ta 2023 ta ba jihohi damar kafa hukumominsu da kasuwanninsu, Enugu da Ondo da Ekiti da Legas suna cikin waɗanda suka karɓa. Wata rana ƙila maigidan Legas, mai fama da irin gumin Houston, ya zauna yana gwada farashin kamfanoni. Kafin wannan rana ta iso arewa, zaɓin da ke gaban mutumin Magama shi ne wanda yaron nan ya lissafa: ta falwaya, ta inji, ta sola. Ta inji tana bin farashin fetur, kuma garuruwan iyaka sun sha wuyarsa tun Nuwamban 2019 da aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, balle bayan janye tallafi a Mayun 2023. Ta sola kuɗinta a farko yake, faranti da batir da inbata, daga nan rana ta ci gaba da biya. Ita ma da nata sunayen da ake ruɗar mai saye: wat nawa ne farantin da gaske, batirin awa nawa zai riƙe fanka biyu da ƙwai huɗu, kuma wa zai goge ƙurar hunturu da ke rage masa ƙarfi. Dukkansu ukun da tiya ɗaya ake auna su. Sai ka san nawa yunit ya kama maka a kowace kafin ka ce wannan ta fi araha.

Kafin in bar rumfar na tambayi yaron yadda yake gane ya ci riba. Ya jawo wani littafi da ya sha maiƙo daga ƙarƙashin benci. Kowace rana da layinta: litar mai nawa ya zuba, awa nawa inji ya yi, waya nawa ya caja, ƙarfe nawa ta falwaya ta zo, ƙarfe nawa ta tafi. Ya ce, "Malam, in ban rubuta ba, ai ita za ta ci ni." Bai san tarihin Kainji ba, bai taɓa jin labarin Houston ba, amma ya riƙe linzamin. Abin da nake fata ga kowane maigida ke nan: ya san harafin fidarsa, ya san kuɗin yunit ɗinsa, ya nemi mita, ya ƙirga awanninsa. In ya shiga ofis ya yi sallama ya ce, "Ranka ya daɗe, awa goma sha biyu aka yi mana alkawari, ga abin da muka samu," ya buɗe littafinsa a kan tebur.